Rigimarmu A Kan Ɗakunan Baƙi

Ba al'adarmu ba ce mutum ya kwashe zancen cikin gidansu ya baza a jarida, amma sai da na nemi izinin 'yan'uwana kafin in rubuta wannan, suka kuwa yarda. Dalili shi ne na san abin da ya same mu yana samun gidaje da yawa a zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara har Kumasi da Tamale, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

Mahaifinmu ya rasu a watan Disamba na shekarar 2022, yana da shekara 90 da ɗoriya, Allah ya jiƙansa. Ranar sadakar arba'in, bayan malamai sun shafa fatiha jama'a sun watse, sai ƙanena, wanda na ba shi shekara 17, ya ja ni gefe ya zaro wata takarda daga aljihu. Ya ce: "Yaya, duba nan. Ɗakunan nan huɗu na bakin titi, in muka fasa musu ƙofa ta waje muka sa ƙyauren ƙarfe, sun zama kantuna huɗu ke nan. Kowane ɗan haya zai ba mu kuɗin shekara 2 a dunƙule. Da shi za mu sake kwanon rufi, mu biya harajin gida, abin da ya saura a raba wa magada."

Lissafinsa ba shi da kuskure. Ko da yake dokar haya ta 1963 kuɗin wata 6 kaɗai ta yarda mai gida ya karɓa a gaba, kowa ya san abin da ake karɓa a Kumasi. Gidan kuwa yana yoyo, ga shi a watan da Baba ya rasu tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 50 cikin 100. Duk da haka sai na ji raina ya ɓaci, na ce masa ya mayar da takardarsa aljihu, ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba. Muka rabu a kan haka, muka yi kusan wata 2 daga gaisuwa ba mai ƙara wa ɗan'uwansa ko kalma ɗaya.

Bari in gaya wa mai karatu ko waɗanne ɗakuna ne waɗannan. Gidanmu yana cikin zangon Kumasi, kakanmu ne ya gina shi. Daga zaure in ka juya dama akwai ɗakuna huɗu a jere, waɗanda tun da na buɗi ido ake kiransu ɗakunan baƙi. Ba a taɓa karɓar ko kwabo a kansu ba. Duk falken da ya zo daga Arewa sayen goro, in dai ya ce gidanmu ya nufa, to za a shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwan wanka, a kai masa tuwo safe da dare, ko wata 3 zai yi. Ƙanena ya taso ya tarar da ɗakunan sun fara zama kango, don haka a idonsa sadaka ce kawai wadda Baba ya ɗora wa kansa, kuma ga shi mai sadakar ya tafi. Ni kuwa da na ga ƙarshen zamanin goro da idona, na san cewa ɗakunan nan su ne jarin gidan. A waɗannan watanni 2 na yi ta neman hanyar da zan bi in fahimtar da shi, sai na tarar ni ma kaina akwai abin da ban taɓa tsayawa na duba ba.

Mu fara da goron kansa. Itacen goro a kurmin ƙasar Asante yake fitowa, amma Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ba su ɗauke shi da girman da muka ɗauke shi ba. Goro ba ya ƙosarwa, ba a miya da shi, ga ɗaci. To me ya sa mutum zai bar Kano da jakunansa ya yi watanni yana tafiya a kansa? Amsar ba a jikin goro take ba, a cikin zaman Hausawa take. Musulunci ya hana giya, goro ya zama abin da ake miƙa wa baƙo, abin da malami ke taunawa ya kori barci. Ba a neman aure sai da shi, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an raba shi. Har ya shiga bakinmu: goron sallah, goron gayyata, goron albishir. Wato al'ada ce ta fara yi wa goro kuɗi, kafin kasuwa ta zo ta yanka masa farashi. Da Hausawa ba su sa shi cikin aure da suna ba, da ruɓewa zai yi ta yi a gindin uwarsa.

Wannan buƙata ce ta haifi fataucin Gwanja. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da mutum dubu ko fiye, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana neman masauki. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Yandi, su sauka Salga. Suna kawo kanwa da turkuɗi da riguna da fatu da dabbobi, su koma da goro. Kada kuma mu ɓoye abin da yake gaskiya: har da bayi ake sayarwa a kasuwar Salga, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan a ka ba da son ransu suke tafe ba. Sarakunan Asante ba sa barin fatake su kutsa cikin kurmi su sayi goro da kansu, a Salga ake haɗuwa. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 sai hanyar ta rikice, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa sauran fatake zuwa Kete-Karachi da Yeji da wasu garuruwa. Bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896 ne mutanenmu suka sami damar shigowa har tushen goro suka zauna. Sunan da ake kiran unguwanninmu da shi ma daga nan ya samo asali, domin zango shi ne inda ayari ke yada kaya ya kwana.

To, a yi tunanin falken da ya iso Kumasi a zamanin kakanmu. Ba ya jin Tonanci, bai san manomi ko ɗaya ba, ba shi da banki, ba shi da kotun da za ta saurare shi, ga kuɗi a lalitarsa, ga kuma haja mai saurin lalacewa. Wanda bai yi aikin goro ba bai san wahalarsa ba. Sai an jera shi cikin ganyen fita an ɗaure huhu, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. In aka yi sakaci mako guda, dukiya ta tafi. Mutum irin wannan yana bukatar wanda zai amince wa fiye da yadda yake bukatar riba. Wannan shi ne aikin maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalai, ya ba shi yaran da suka iya ware marsa daga minu, ya nemo masa mota. In baƙo ya kawo shanu ko kanwa aka saya bashi, maigida ne ke tsayawa lamuni, in mai saye ya gudu shi zai biya. Abin da yake samu shi ne la'ada a kan ciniki, da kyautar da baƙo ke yi masa ran tafiya.

Da na shiga kwalejin horon malamai na yi mamakin ganin cewa Turawa sun rubuta littattafai a kan abin da nake gani kullum a zaurenmu. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta yi rubutu a 1966 a kan masu gida da dillalai na kasuwar Kumasi, wani kuma Abner Cohen ya fitar da littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan da cinikinsu na shanu da goro. Abin da suka gano shi ne abin da Baba ya sani ba tare da ya karanta boko ba: harshe ɗaya, masallaci ɗaya, auratayya da jin kunyar juna, su suka tsaya a matsayin banki da kotu da takardar yarjejeniya. Wanda ya ci amana a Kumasi, kafin ya isa Kano labarinsa ya riga shi, ba kuma zauren da zai sake shimfiɗa masa tabarma. Saboda haka tuwon da ake kai wa baƙo ba ɓarna ba ne. Shi ke sa baƙo ya dawo baɗi, ya kuma turo ɗan'uwansa.

Yanzu ga abin da na gani da idona. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan cikin mako 2. Ina da shekara 11. Waɗanda suka ga wannan lokaci ba sa bukatar in tuna musu: gidaje da injinan niƙa da aka sayar a wulaƙance, mata da yara a tashar mota, makwabtan da aka haifa a nan aka ce su tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba. Baba ya tsira ne ta dalilin mahaifiyarsa, wadda 'yar Gwanja ce. Lokacin kuwa tsakiyar kakar goro ne, ɗakunan baƙi cike suke. Cikin baƙin akwai wani Alhaji mutumin Kano da ya shekara da shekaru yana sauka a gidanmu, ya riga ya zuba duk kuɗinsa a goro, ga shi mota ta yi wuya, mutane ma ba su sami wurin zama ba balle huhu. Daren da zai tafi na riƙe musu fitila a zaure. Ya nuna huhunan ya ce wa Baba: "Maigida, ga amana nan, ni da kai sai Allah." Ba takarda, ba sa hannu, shaidar da ke wurin kawai yaro ne mai riƙe da fitila.

Baba ya sayar da goron kafin ya lalace. Bai ƙulle kuɗin a akwati ba, domin ya san sidi ba ta zama wuri ɗaya, aka kuwa karya darajarta a ƙarshen 1971. Sai ya riƙa juya su a kowace kaka, yana rubutawa da ajami a wani littafi dabam da nasa. Akwai shekarar da abinci ya yi mana wuya a gida, na ji Mma tana ce masa ya ɗan taɓa ya mayar daga baya, ya ce da ita wannan wuta ce, ba kuɗi ba. Sai a 1976 babban ɗan Alhajin ya iso. Baba ya sa aka kira limamin unguwa, ya buɗe littafin ya karanta shekara bi shekara, ya ware uwar kuɗi, ya raba riba biyu, ya ɗauki rabi ladan wahalarsa. Da yake fitar da kuɗi ta kan iyaka ba ya yiwuwa a lokacin, sai aka mayar da rabon Alhaji goro, aka loda a mota.

Shekara 7 bayan haka abin ya juyo kaina. Kamar dubban malaman makaranta na ƙasar nan, na tafi Nijeriya neman abinci lokacin da man fetur ke kuɗi, ina koyarwa a Agege. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ce baƙi marasa takarda su fita, aka kuma ba da mako 2, kamar dai yadda aka yi a nan. Kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Gana suka kwararo gida, suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Na ga cunkoson da ke tashar jiragen ruwa ta Apapa, na ga mutane na kwana a kan kayansu, sai zuciyata ta karaya. Na hau jirgin ƙasa na nufi Kano, ba ni da kome sai sunan mutum da sunan unguwa. Ko a cikin jirgi ban cika buɗe baki ba, don Hausarmu ta zango ba ta ɓuya, da na ce wa mace "ya zo" an gane daga inda na fito.

Na tarar da Alhajin ya tsufa, ido ya yi rauni. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, sai ya kama hannuna ya ɗaga murya ya ce wa mutanen gidansa: "Ga ɗan maigidana." A lura, ya girmi Baba, ya kuma fi shi dukiya nesa ba kusa ba, amma har ya mutu maigida yake kiransa. Na yi wata 9 a gidan nan ina ci ina sha, ina zama a rumfar 'ya'yansa a kasuwa ina yi musu lissafi, har ƙura ta lafa. Ran da zan taho ya ba ni riga da kuɗin mota. Na durƙusa zan yi godiya ya katse ni, ya ce: "Ka gaya wa maigidana har yanzu da sauran bashinsa a kaina."

Wannan labari na ɗauka na tafi da shi wurin yayarmu, babbar 'yar Baba, ina zaton za ta goyi bayana mu taru mu kayar da ƙanenmu. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce: "Malam, kai ka riƙe fitila dare ɗaya, ka ga amana. Mu tukunya muka gani. Wa kake tsammani ke tashi kafin asuba ya hura wutar tuwon mutum 15? Wa ke ɗebo ruwan wankansu? Kai aka sa ka makaranta, ni aka ce in zauna in taya su Mma aikin baƙi. La'adar da aka samu, ko sau ɗaya an kira mu an ce ga naku?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara 60 da wani abu ina alfahari da karamcin gidanmu, ban taɓa tambayar a kan wuyan wa ya tsaya ba. Iyayenmu mata su suka ciyar da baƙin nan, a tsakanin haka kuma suna dama koko suna suyar ƙosai, suna dafa wake da shinkafa yara na kaiwa talla, da wannan ɗan cinikin suke zubin adashi, suke biki, suke tara wa 'ya'yansu mata kayan ɗaki. Al'adar da ta ce baƙonka annabinka, ita ce kuma ta ce aikin mace a cikin gida ba abin biya ba ne. Yaya yanzu mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki 4, rabonta na gado kuma yana kwance a cikin ɗakunan da nake cewa kada a taɓa. Ƙanena shi ma da muka zauna ya tuna mini da wani abu: akwai filin da Baba ya sayar don ya biya bashin wani mahauci da ya tsaya wa lamuni, mutumin ya gudu. Filin nan yau yana tsakiyar gari. Ashe amana ma tana da tsada, kuma ba kullum wanda aka yaba wa ne ya biya ba.

Wannan ya sa na daina duban abin kamar mu kaɗai Allah ya ba mutunci a kasuwa. Dubi makwabtanmu Asantawa. Mukan yi musu dariya a kan dukiyar da suke kashewa wurin jana'iza, su kuma suna yi mana dariya a kan lefe da kwanonin da muke jerawa a ɗakin amarya. Amma je ka wurin makokinsu ran Asabar ka ga magatakarda zaune da littafi yana rubuta gudummawar kowa, ana shelanta ta a lasifika. Wanda ya bayar yau ya san ranar da mutuwa ta shigo gidansa za a buɗe littafin nan. Wannan ai shi ne bikin da matanmu ke yi, sunan ne ya bambanta. A babbar kasuwar Kumasi mata ne ke riƙe da cinikin abinci, masu doya da sarauniyarsu, masu tumatir da tasu, ita ke raba gardama. Mu kuwa mun kulle matanmu a gida, sai cinikinsu ya fita ta kan tiren yara. A gonakin koko akwai tsarin abusa, inda mai aikin gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani, da yawa daga mutanen Arewa da shi suka tsaya da ƙafafunsu. Gari ɗaya, kuɗi iri ɗaya, amma kowace al'umma da inda ta ce ga aikin namiji, ga na mace, ga abin sayarwa, ga abin kunya a sayar.

Ko a can ƙarshen duniya haka abin yake. Wani masani mai suna Malinowski ya fitar da littafi a 1922 a kan mutanen tsibiran Trobriand, a gabashin Papua New Guinea. Mutanen nan sukan shiga kwalekwale su ratsa teku mai haɗari don su kai wa abokansu na wasu tsibirai sarƙar wuya ta jan ƙwanso, su karɓo awarwaron farin ƙwanso. Sarƙa na zagayawa ta wannan hannu, awarwaro ta wancan, ba mai riƙe su ya daɗe. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce aikin banza. Alhali kuwa abokin da ka ba sarƙa shi ne mai saukar da kai, mai kare ka a ƙasar da ba ka da kowa, kuma a inuwar wannan zumunci ne ake musayar abinci da tukwane da sauran kayan bukata. Da na karanta sai na ce wannan ai maigida ne da baƙonsa.

Amma gaskiyar ƙanena ita ce zamani ya juya, kuma ba jiya ya fara juyawa ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, ayarin jakuna ya mutu. Irin su Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar nan kafin ya zama babban attajirin Kano, ta jirgin ruwa suka riƙa aika shi Legas. Daga baya Yarabawa suka dasa irin goronmu a wajajen Agege da Shagamu, har yau kuwa suna kiransa gbanja, wato Gwanja, Kano ta rage dogara da mu. Yanzu mai sayen goro yana zaune a rumfarsa zai buga waya, a nuna masa hoton kaya, ya turo kuɗi ta waya, a loda mota. In ya zo ma, masauki na kuɗi yake kamawa. Samarinmu kuma ba sa son jan baki, a wurin ɗaurin aure za ka ga alewa da cingam da dabino sun fi goro ƙarewa da wuri. Al'adar da ta ɗaga goro ita ce ke sauke shi a hankali. Baƙin da ke sallama a zaurenmu yau ba fatake ba ne: ɗalibi ne da ya zo jarrabawa, ko mai jinyar ɗan'uwansa a babban asibiti, ko ɗan Nijar da ya rako motar albasa. La'ada ba ta fitowa daga jikinsu.

Daga ƙarshe kawunmu, ƙanen Baba, ya tara mu tare da limamin unguwa. Sai da aka yi zama 3. Abin da aka tsayar shi ne ɗakuna biyu su zama kantuna, biyu su zauna na baƙi. Daga kuɗin haya za a fara cire na gyaran gida, sa'an nan a cire na abincin baƙi, a kuma biya duk matar da ta dafa shi ladan aikinta a ƙarshen wata. Wannan sharaɗi Yaya ce ta kafa shi, ta ce in ba haka ba ba za ta sa hannu ba. Abin da ya saura a raba yadda shari'a ta ce. Aka rubuta da boko, kowa ya sa hannu, har da shaidu. Ina riƙe da alƙalami na tuna da daren nan na 1969, na ga yadda 'ya'yan mutum ɗaya suka bukaci takarda a tsakaninsu a cikin zauren da baƙo ya bar dukiyarsa da kalma ɗaya. Ban ce laifin kowa ba ne. Mu ma zamanin ya taɓa mu.

Yau in ka zo gidanmu za ka ga mai sayar da kayan waya a kanti ɗaya, tela a ɗayan. An sake rufi, Yaya na karɓar rabonta, ni da ƙanena mun koma cin tuwo a kwano ɗaya. Amma har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, duk ƙarshen wata sai ya faɗa mini abin da ɗakuna biyun nan suka ci mana. A lokacin da nake wannan rubutu akwai wani bawan Allah daga Bawku a ɗaya daga cikinsu, ya kawo ɗansa asibiti, sati na 5 ke nan. Ƙanena ya ce da ni cikin raha: "Yaya, wannan kuma wane goro zai kawo mana?" Na ce da shi Baba ma da ya karɓi huhunan nan ba da lissafin 1983 ya karɓa ba.

Shawarata ga 'yan'uwa da ke da irin wannan gida ita ce, kafin ku kira magini ya fasa bango, ku zauna ku yi lissafi iri biyu. Ku lissafa abin da ɗaki zai kawo a wata, wannan haƙƙin magada ne, ba abin kunya ba ne. Sa'an nan ku tambayi tsofaffinku ko su wa suka taɓa kwana a cikinsa, da abin da ya biyo baya. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, ba mu da ƙasar noma ta gado, abin da kakanninmu suka zo da shi suka kafu a kai shi ne a san su da riƙon amana da buɗaɗɗen zaure. In kuwa kun yanke shawarar barin ƙofar a buɗe, to ku shiga cikin gida ku tambayi masu hura wutar, ku kuma biya su.

Allah ya jiƙan magabatanmu, maza da mata, ya ba mu ikon riƙe zumunci, ya sa mu dace. Amin.